Darasi Na 7: Ɗaure Keke Kafin Ka Juya Baya

To jama'a, yawancin mu a wannan aji da keke muke zuwa, wani daga Rigasa, wani daga Tudun Wada, wani ma tun daga Kawo yake tukowa. Kuma kusan kowa ya san wani da ya shiga masallaci ko ya leƙa Kasuwar Bacci "minti biyu kawai" ya fito ya tarar da wajen wayam. Annabi (SAW) ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, to keke ma haka ne.

Mu fara da ɗan makullin nan da ke zuwa manne a tayar baya, irin na kekunan Phoenix da sauransu. Shi aikinsa ya hana taya juyawa ne kawai, bai hana a ɗauki keken ba. Ɓarawo zai sungume shi ya jefa a bayan Keke Napep ya yi gaba, can a gida ya fasa makullin a tsanake. Haka nan siririyar wayar nan mai rufin roba da ake sayarwa da arha, kyau ne da ita a ido amma da fulaya mai kaifi ake datse ta kafin ka gama alwala.

Abin da ya fi su shi ne sarƙa mai kauri, wadda kaurin ƙarfenta ya kai milimita 10 ko kusa da haka, da kwado mai nauyi, ko kuma makullin ƙarfe mai siffar harafin U. Gaskiya sarƙar tana da nauyi, ni ma nakan yi ƙorafi, amma nauyinta bai kai na tafiya a ƙafa daga Kakuri zuwa gida ba. In ka je kasuwar Panteka sayen sarƙa ka ɗauka ka jinjina, kada ka yarda da wadda ake ɗaure akuya da ita, kuma kada ka sayi sarƙa mai kyau ka haɗa ta da kwadon akwati, don ta wajen kwadon za a bi.

Yanzu ga inda mutane suka fi kuskure, wato wajen ɗaurin. Sarƙa ta ratsa jikin keken, ƙarfen tsakiya, ta haɗa da tayar baya, sannan ta zagaye wani abu da ba ya motsi kamar turken ƙarfe da aka kafa da siminti. In tayar gaba kaɗai ka ɗaure, noti biyu za a kwance a bar maka tayarka ka yi ta kallo. Ka duba turken ma, in gajere ne ɗaga keken za a yi a zare ta sama. Kada kwado ya kwanta a ƙasa domin a nan ake samun damar dukansa da guduma, ka matse sarƙar ta ɗago, bakin makulli ya kalli ƙasa. Lokacin damina da lokacin ƙurar hunturu ka riƙa ɗiga masa ɗan mai kada ya cije. Kuma ka ajiye keken inda idon mutane yake, gaban mai shayi ya fi lungu.

Sai na'urar bin sawu, wadda ake ce wa tiraka. Iri biyu ce. Akwai mai GPS da ake sa wa layin waya, tana nuna maka inda keken yake a wayarka, amma tana son caji da data, kuma layin sai an yi masa rajista da NIN kamar kowane layi. Akwai kuma ƙanana irin AirTag na Apple, batirinsu kan kai shekara guda, sai dai su ba su da layi, da wayoyin iPhone da ke wucewa kusa suke dogara, mu kuwa a unguwanninmu Tecno da itel da Infinix sun fi yawa, don haka kada ka sa rai sosai. Ka ɓoye tirakar ƙarƙashin sirdi, kada ka cusa ta cikin bututun ƙarfe, ƙarfe yana tare sigina. Tiraka ba ta hana sata fa, nuna hanya kawai take yi, kuma in ta nuna maka wani gida kada ka tara matasa ku afka, ka je ofishin 'yan sanda da rasit ɗinka da wayar.

Aikin gida: kusan kowane keke yana da lamba da aka buga a jikin ƙarfensa, galibi a ƙarƙashin inda feda take, wasu tsofaffin kuma kusa da sirdi. Ka kifa kekenka, ka goge wajen, ka kwafe lambar a littafinka harafi bayan harafi, ka rubuta launinsa da sunan kamfaninsa. Wanda yake da waya mai kyamara ya ɗauki hoto. Ranar Asabar kowa zai karanto mana tasa lambar da bakinsa.