Darasi na Tara: Yadda Zafi Yake Ratsa Bango, Rufi da Bututu

Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wuri mai sanyi. Ba ya buƙatar ƙofa ko taga, ta cikin jikin abu yake bi. Ku sa cokalin ƙarfe da muciya a tukunyar da ke tafasa. Bayan minti biyu cokalin ba zai riƙu ba, muciya kuwa ko a jikinta.

Abu huɗu ne ke yanke yawan zafin da zai ratsa bango: bambancin zafin waje da na ciki, faɗin bangon, kaurinsa, da irin kayan da aka gina shi da su. Wani masani ɗan Faransa mai suna Fourier ne ya tsara wannan lissafi a 1822, amma maginan tubali sun daɗe suna aiki da shi da hannunsu.

Masana sun ba kowane kaya lamba. Idan lambar ta yi girma, zafi na wucewa da sauri. Iskar da ke tsaye wuri ɗaya tana da 0.026, katako wajen 0.13, ruwa 0.6, kankaren siminti wajen 1.4, ƙarfe kuwa wajen 50. Ku lura da iska. Ita ce ta fi kowa hana zafi wucewa, kuma kyauta take. Sharaɗin dai ta kasance a kulle, ba ta zagayawa. Soson da ke jikin kula, da ciyawar jinka, da bargo, duk aikinsu ɗaya ne: riƙe iska a ƙananan ramuka.

A bazara zafin Kano da Sakkwato da Damagaram yakan haura digiri 40. Kwanon rufi bai kai kaurin milimita ɗaya ba, ga shi ƙarfe, don haka da rana ta buge shi sai ya juye zafin kan mutanen ɗaki. Soron ƙasa mai azara da bango mai kauri ba haka yake ba. Zafin da zai ratsa shi kaɗan ne, kuma kafin ya iso ciki rana ta faɗi. A ganina wanda ya kashe kuɗi a kwano ya bar ɗaki babu silin bai gama gini ba. Ko tabarma ko zana aka shimfiɗa ƙarƙashin kwano, aka bar fili tsakani, za a ji bambanci.

Ga lissafi mai sauƙi. Idan aka ninka kauri, zafin da ke wucewa zai ragu da rabi. Mai sayar da ƙanƙara yana da kula mai soso santimita 2, ƙanƙararsa na narkewa cikin awa 10. Da soson ya kai santimita 4, za ta yi kusan awa 20, muddin ba a yawan buɗe murfi. Masu rufe ƙanƙara da garin katako su kula: da garin ya jiƙe ruwa ya kori iskar da ke ciki, ruwa kuma ya fi iska wuce da zafi fiye da sau 20. A sauya shi da busasshe.

Bututu yana da nasa hali. Bututun da ya sauko daga tanki ta cikin rana yakan kawo ruwa mai ƙuna da azahar. A naɗe shi da busasshen buhun algarara ko soso, a rufe da leda saboda damina, ko a binne shi. Naɗin farko shi ne ya fi amfani. Kowane naɗi da aka ƙara yana faɗaɗa bayan bututun, zafi kuma ya sami ƙarin wurin shiga, saboda haka na huɗu ba zai yi aikin na farko ba.

Aikin gida: ku cika kwalba biyu da ruwan zafi. Ku naɗe ɗaya da busasshen tsumma, ɗayar da jiƙaƙƙe. Bayan awa ɗaya ku taɓa ruwan, ku rubuta abin da kuka ji a jimla biyu, ku kawo aji.