Kurakuran da aka fi yi wajen bayar da ƙaramar jif sadaka

Mutum ya canza mota, tsohuwar Toyota RAV4 ko Honda CR-V ɗinsa na nan a ajiye tana shan ƙura, sai ya yi niyyar bai wa gidan marayu, ko asibitin unguwa, ko makarantar Islamiyya. Niyyar tana da kyau, Allah ya ba da lada. Sai dai irin wannan kyauta takan zame wa mai bayarwa da mai karɓa ɗawainiya idan an tsallake wasu matakai.

Babban kuskure shi ne a miƙa makulli a yi addu'a a watse, takardu kuma na nan da sunanka. Ranar da direban ƙungiyar ya buge wani, ko aka yi aika-aika da motar, 'yan sanda lamba za su bi, lambar kuwa ƙofar gidanka za ta kawo su. A rubuta takardar kyauta mai ɗauke da lambar shasi, wadda haruffa da alƙalumanta 17 ne, da lambar inji, da lambar mota, da launi, da kwanan wata. Kai da wakilan ƙungiyar ku sa hannu gaban shaidu biyu, a haɗa da takardar rantsuwa daga kotu, sannan a je ofishin lasisin mota na jiha a yi canjin mallaka. Ka duba lambar shasin da ke jikin motar, ta ƙasan gilashin gaba ɓangaren direba, ta yi daidai da ta takarda harafi da harafi. Ka riƙe kwafin komai. Idan motar 'yar Kwatano ce, takardar kwastam ta asali dole ta bi ta, domin in ba a biya kuɗin fito ba, jami'an kwastam na iya kama ta a hanya, marayun su tashi a tutar babu.

Akwai kuma hukuncin addini da mutane ke mantawa da shi. A mazhabar Malikiyya, kyauta da sadaka suna cika ne da hauzi, wato wanda aka ba ya karɓi abin ya shiga hannunsa. Wanda ya ce "na ba gidan marayu motar nan" amma ya bar ta a garejinsa yana hawa har rai ya yi halinsa, motar ta koma cikin dukiyar gado. In ka bayar, ka fitar da ita daga gidanka, kuma ka sanar da iyalinka da bakinka.

Sunan wa za a sa? Sunan ƙungiya kamar yadda yake a takardar rajistarta ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi. Idan aka sa sunan shugaba ko limami don sauƙi, ranar da ya sauka ko ya rasu, a idon doka motar tasa ce, magadansa kuma suna da hujja a hannu. In waƙafi kake nufi, ka rubuta hakan ƙarara, da aikin da aka tsayar da motar dominsa, kamar kai masu naƙuda asibiti ko jigilar ɗalibai.

Sai batun lafiyar motar, inda ake yawan yin son kai ba tare da an lura ba. Aya ta 267 a Suratul Baƙara ta hana a zaɓi mummuna a ciyar da shi. Motar da kai kanka ka gaji da kai ta wajen bakanike, gidan marayun da ke fama da kuɗin masara ba zai iya da ita ba. Ka sa a saka mata kwamfuta a duba, kada a goge wutar gargaɗin inji don ta yi kyan gani. RAV4 ta 2006 zuwa 2008 mai inji 2.4 ta yi suna wajen shan baƙin mai. Ka cika shi zuwa alama, a yi tafiyar kilomita 1,000, a sake jan sandar awo. In tana sha, ka faɗa musu, don direban da bai sani ba zai buga injin. Ta 2001 zuwa 2003 kuwa, fizgar giya sau da yawa daga kwamfutar injin take, kuma an sha sauke giya mai lafiya a banza saboda wannan. CR-V mai jan ƙafa huɗu idan tana gurnani a baya lokacin shan kwana, yawanci man difaransha, wato akwatin giyar da ke juya tayoyin baya, ne ya tsufa, kuma mai na musamman na Honda take sha, man giya na kasuwa ɓata ta yake yi. Tayoyi huɗun su zama girma ɗaya. A gefen kowace taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: 2319 na nufin an ƙera tayar a mako na 23 a 2019. Taya na iya zama da zane mai kyau alhali robarta ta riga ta bushe.

Inshora ba ta bin mota da kanta. Taka da sunanka take, don haka ƙungiyar ta yi tata. Mafi ƙanƙanta ta motar gida ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023. Ka cire na'urar bin sawu daga wayarka, da duk wata sitika ta wurin aikinka, ka haɗa musu da makulli na biyu, jak da safaya.

Tambayar da ya kamata a fara yi, amma aka fi barinta ƙarshe, ita ce ko suna da ƙarfin riƙe motar. Tankin irin waɗannan motoci yana cin kusan lita 60, kuma tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 cika shi ba ƙaramin abu ba ne. Ga juyen baƙin mai sama da lita 4, ga albashin direba. Ka zauna da ma'ajin ƙungiyar ku yi lissafin wata guda. In lissafin bai fita ba, ka sayar da motar da kanka a farashin kasuwa, ka tura kuɗin cikin asusun banki mai sunan ƙungiyar, ka karɓi rasit.