Yadda ake ɗanɗana giya mai tsami da 'ya'yan itace, a kuma rubuta sharhinta

A kudu maso yammacin birnin Brussels na ƙasar Beljiyam akwai yankin da ake kira Pajottenland, inda har yau masu dafa giya ke juye dafaffen ruwan alkama da sha'ir a wani faffaɗan mazubi na ƙarfe, su bar shi buɗe ya kwana. Ba sa zuba masa yis da hannunsu. Yis da bakteriyar da ke cikin iska da jikin katakon ɗakin su ke faɗawa ciki, shi ya sa ba a yin aikin sai lokacin sanyi, daga wajen Oktoba zuwa Afrilu. Daga nan a ɗura a gangunan katako ya shekara ɗaya zuwa uku. Ita ce giyar lambic. In aka jiƙa 'ya'yan ceri masu tsami a cikinta na wasu watanni, ta zama kriek. In rasberi ne, framboise. A garin Roeselare kuma kamfanin Rodenbach, wanda aka kafa a 1821, yana da tasa jar giya mai tsami da ke daɗewa a manyan ganguna.

Giya ce mai sa maye. Wanda addininsa ko lafiyarsa suka hana shi sha, wannan ba gayyata ba ce. Na rubuta ne don baligin da ke sha kuma yake son ya faɗi abin da harshensa ya ji da gaskiya. Abin da ke damuna da yawancin sharhin irin wannan giya shi ne ba ya wuce "tsami sosai, ceri sosai, ta yi daɗi." Tsami kaɗai ba inganci ba ne. Aikin mai sharhi shi ne ya gano wane irin tsami ne, kuma ko giyar da ke ƙarƙashin 'ya'yan itacen tana nan da ranta ko an binne ta.

Mataki na farko: karanta kwalbar

Duba ƙarfin barasa tukuna. Kriek na yau da kullum yakan tsaya tsakanin kashi 4 zuwa 7 cikin 100, amma Kriek Mariage Parfait ta kamfanin Boon kashi 8 ce, Consecration, wata giya mai tsami ta kamfanin Russian River da ke Kalifoniya wadda ba kriek ba ce, kuma kashi 10. Yi lissafi: ƙaramar kwalba mai mililita 375 a kashi 8 tana ɗauke da barasa mililita 30, daidai da babbar kwalbar nan mai santilita 60 a kashi 5. Tsami da ƙamshin ceri suna ɓoye wannan ƙarfi, mutum ba ya ankara sai ya miƙe tsaye.

Sai ka nemi kalmar "Oude" a jikin takardar. Oude Kriek suna ne da dokar Tarayyar Turai ke karewa, yana nufin an bi hanyar gargajiya kuma giyar ta sake tashi a cikin kwalba. Kriek da ba ta da wannan kalma sau da yawa an ƙara mata zaƙi. Ba laifi ba ne, amma ba a auna su da mudu ɗaya. Rubuta ranar da aka ɗura kwalbar, za ka buƙace ta.

Mataki na biyu: shiri

Tsayar da kwalbar kwana ɗaya domin yis ɗin ya kwanta a gindi. Fitar da ita daga firji ta ɗan huce, wajen digiri 8 zuwa 12, don sanyi mai yawa yana kulle ƙamshi ya bar tsami shi kaɗai. Nemi kofin gilashi mai faɗin ciki da tsukakken baki, wanda babu sauran sabulu a jikinsa. Ajiye ruwa da burodin da ba shi da zaƙi. Kada ka shafa turare, kada ka ci yaji ko goro kafin ka zauna. In kwalabe da yawa ne, fara da mai sauƙi ka ƙare da mai ƙarfi, kuma uku ko huɗu sun isa, bayan nan harshe ya gaji.

Riƙe abin toshiyar da tafin hannu yayin buɗewa, bakin kwalbar yana kallon bango. Zuba a hankali ba tare da girgizawa ba, ka bar yatsa ɗaya na ƙarshe a kwalbar. Kashi ɗaya cikin uku na kofi ya wadatar.

Mataki na uku: hanci kafin ido

Ƙamshi na farko yana gudu, don haka shinshina da zarar ka zuba, gajeru-gajeru sau uku. Sannan rufe kofin da tafin hannu, juya shi kaɗan, ka sake. Fara da ɗan itacen: ɗanye ne, ko dafaffe, ko kuwa irin na alawa da maganin tari? Wannan na ƙarshe yakan nuna an zuba sinadarin ƙamshi. A kriek da aka jiƙa ceri har da ƙwallonsa, za ka ji wani ƙamshin almon a can ƙasa. Gidan Cantillon na Brussels, wanda ke aiki tun 1900, yana zuba ceri gram 200 a kowace lita. Boon yana zuba 400 a Mariage Parfait. Hanci yana iya jin bambancin.

Bayan ɗan itacen sai abin da ke ba baƙo mamaki: warin barga, jiƙaƙƙiyar ciyawa, tsohuwar fata. Aikin wani yis ne mai suna Brettanomyces, kuma a wannan giya ana son sa matuƙar bai danne komai ba. Wanda ba a so shi ne warin ruwan goge farce mai hawa kai, ko warin amai, ko na man shanu mai yawa. In ka ji su, rubuta su da sunansu.

Ido ba ya ɗaukar lokaci. Ɗaga kofin gaban farar takarda, ka lura ko ja ne mai haske ko ya fara komawa ruwan ƙasa. Kumfar takan zama ruwan hoda ta kuma faɗi da wuri saboda tsami. Kada ka rage mata maki a kan haka.

Mataki na huɗu: baki

Kurɓin farko ba a yanke hukunci da shi, domin yana girgiza baki ne kawai. Haɗiye, jira kamar rabin minti, sai ka sake. Alƙalan giya suna haɗiyewa, ba sa tofarwa yadda masu ɗanɗana ruwan inabi ke yi, saboda rabin labarin yana maƙogwaro.

Nan ne za ka raba tsami gida-gida. Akwai mai laushi, wanda bakteriyar Lactobacillus da Pediococcus ke samarwa. Sinadari ɗaya ne da wanda ke sa nono tsami, yana cika baki da miyau ba tare da ya yi zafi ba. Akwai mai kaifi irin na binega, wanda ke fitowa idan iska ta shiga ganga, yana suka a maƙoshi da hanci. Kaɗan daga cikinsa ado ne a jar giyar Rodenbach, amma a kriek in ya yi yawa aibi ne. Na uku shi ne tsamin ɗan itacen kansa, mai saurin zuwa da saurin wucewa. Mai sharhin da ya iya cewa "tsamin nan mai laushi ne, sai ɗan kaifi a ƙarshe" ya riga ya ba mai karatu abin da zai yi amfani da shi.

Kada ka rikita tsami da bauri. Bauri shi ne bushewar da ke kama harshe da dasashi, daga bawon ceri da katakon ganga yake zuwa, kuma shi ke hana giya mai ƙarfi zama lami. Ɗaci kuwa bai kamata ya fito ba, domin furen hops (furen da ke ba giya ɗaci) da ake sa wa lambic tsoho ne da ya riga ya rasa yawancin ɗacinsa. Barasar ya kamata ta zo a matsayin ɗumi a ƙirji. In tana ƙuna a baki, ba ta zauna ba.

Bayan ka haɗiye, rufe baki ka fitar da numfashi ta hanci, ka dakata. Akwai wani aibi da ba a jin sa a kofi, sai bayan 'yan daƙiƙoƙi ya taso da ɗanɗanon tsohon hatsi, wasu su ce warin ɓera. Wanda ya yi gaggawar kurɓi na gaba ba zai kama shi ba. Bar sauran giyar ta yi minti goma a kofi ka sake gwadawa, sau da yawa a nan ne alkama da katako ke bayyana. In haƙoranka sun dasashe, kurkure da ruwa, kada ka goge su nan take. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya yi hattara da irin wannan tsami.

Mataki na biyar: rubutu

Rubuta tun kofin na gabanka, kafin ka karanta ra'ayin kowa. Ƙungiyar BJCP ta Amurka mai tantance alƙalan giya, wadda aka kafa a 1985, ta daɗe tana raba maki 50 kamar haka: ƙamshi 12, kamanni 3, ɗanɗano 20, yadda take ji a baki 5, hukunci na gaba ɗaya 10. Rabon yana da amfani domin yana hana launi mai kyau ya rinjayi alƙalami. Amma lamba ba ta maye gurbin bayani. Raba abin da ka ji da abin da kake so: "bauri ya yi yawa har ya rufe ceri" bayani ne, "ba na son ta" ra'ayi ne, kowanne da wurinsa.

Tambayar da nake ganin kowane sharhi ya kamata ya amsa ita ce: da za a cire cerin, giyar da ta rage za ta shawu? A ƙarshe sa ranar ɗura kwalbar da ranar da ka sha. Ƙamshin ɗan itace yana ja da baya da shekaru, warin barga yana ƙaruwa, don haka kriek 'yar wata shida da 'yar shekara biyar ba giya ɗaya ba ce, ko da takardar jikinsu iri ɗaya ce.