Yadda Ake Haɗa Anod Mai Ƙananan Ƙwayoyi Don Batirin Sodiyam

Duk wanda zai haɗa anod na batirin sodiyam, wato ɓangaren da ke riƙe sodiyam idan an yi caji, sai ya fara ajiye girafait (wani nau'in kabon mai shimfiɗa-shimfiɗa) a gefe, domin ko da yake yana aiki sosai a batirin lithiyam, sodiyam ɗin da yake iya riƙewa bai taka kara ya karya ba. Kabon mai tauri aka fi dogaro da shi, tun bayan da masu bincike Stevens da Dahn suka nuna a shekarar 2000 cewa wanda aka samar daga sukarin gulukos yana ɗaukar kusan mAh 300 (ma'aunin yawan caji) a kowane giram.

Don samar da shi, ana ƙona gulukos ko selulos (zaren jikin tsirrai) a tanderun da iskar argon, wadda ba ta cin wuta, ke ratsawa, da zafin digiri 1100 zuwa 1500 na ma'aunin Celsius. Manufar ita ce tazarar da ke tsakanin shimfiɗun kabon ta kai nanomita (kashi ɗaya cikin biliyan na mita) 0.37 zuwa 0.40, ta zarce 0.335 ta girafait, saboda ƙwayar sodiyam ta fi ta lithiyam girma.

Wajen ƙanƙanta ƙwayoyin anod ne gizo ke saƙar. Gaskiya ne ƙaramar ƙwaya tana gajarta tafiyar sodiyam, caji ya yi sauri, amma kuma tana ƙara yawan fuskar da ke haɗuwa da ruwan batir, kuma a kan wannan fuska ake samun wata siririyar fata da ke cinye sodiyam a cajin farko, ba ya kuma dawowa. A ganina ya fi dacewa a lulluɓe ƙwayoyin da siririn kabon don toshe ƙofofin waje, maimakon a dage da neman ƙanƙanta kawai. Haka ake yi wa kuza idan da ita za a yi anod, wadda ke ɗaukar mAh 847 a kowane giram amma take kumbura fiye da ninki huɗu har ta farfashe: a sa ta cikin kwanson kabon, a bar mata sararin kumbura.

Daga nan a kwaɓa garin kabon ɗin da manne irin CMC (wanda ake samu daga selulos), a shafa a fallen alminiyam, a busar sosai. Idan an haɗa batirin an yi gwajin caji mai sauri, a buɗe batirin cikin akwatin argon a duba. Tabo mai ƙyalli kamar azurfa a fuskar anod alama ce cewa sodiyam ya daskare a waje maimakon ya shige ciki, don haka sai a rage kaurin shafen ko ƙarfin cajin.