Yadda ake cike takardar shaidar aure ba tare da kuskure ba

Duk wanda ya saba halartar ɗaurin aure ya san yadda ake ƙarewa. Liman ya shafa fatiha, maroƙi ya ɗaga murya cewa an ɗaura, ana ta rabon goro da dabino da alewa, kowa na neman takalminsa. A cikin wannan hayaniyar ne wani abokin ango zai zaro takardar shaidar aure daga aljihun babbar riga, ya ɗora ta a bayan mota, ya cike ta da abin da ya iya tunawa. Na daɗe ina taimakawa wajen riƙe littafin aure a masallacin unguwarmu, kuma kusan duk takardar da ta dawo mana da matsala, a irin wannan gaggawar aka cike ta. Matsalar ba ta tashi a ranar. Sai bayan shekaru, ranar da mace za ta bi mijinta ƙasar waje, ko za a saka ta cikin inshorar lafiya ta wurin aikinsa, ko ya rasu ana neman haƙƙoƙinsa na fansho, ko an je gaban alƙali.

Mataki na farko: ku san wace takarda kuke nema

A Najeriya aure iri uku doka ta sani: na Musulunci, na al'ada, da na rajista, wanda ake yi a ƙarƙashin Dokar Aure ta tarayya, wadda aka kafa a 1914. Kowanne da takardarsa da hukuncinsa, kuma ba a musanya ɗaya da ɗaya.

A nan nake so Musulmi su tsaya su yi tunani, domin na sha jin ana ba matasa shawarar su je su "yi rajista" don a sauƙaƙa musu samun biza. Zuwa ofishin rajistar aure a yi rantsuwa a sa hannu sabon aure ne mai zaman kansa, mai dokokinsa. Auren mace ɗaya ne tak. Wanda yake da wata matar ya ɓoye ya je ya yi shi da wata, ko ya yi shi sannan ya ƙara aure, dokar ta tanadar masa ɗaurin da zai iya kai shekara 5. Kalmar saki ba ta raba shi, sai Babbar Kotu, bisa dokar shari'o'in aure ta 1970, kuma yana iya jawo gardama wajen rabon gado. Wanda abin da yake buƙata kawai shi ne shaidar auren da aka ɗaura masa a masallaci, to takardar auren Musulunci zai nema, daga masallacin da aka ɗaura, ko kotun shari'a, ko ƙaramar hukumarsa, wadda kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa aikin rajistar haihuwa da mutuwa da aure.

Mataki na biyu: ku tara komai kafin ranar

Kwana biyu ko uku kafin ɗaurin aure, a kai wa mai cikewa kwafin takardar NIN, wato lambar shaidar ɗan ƙasa, ta ango da ta amarya, da fasfo ga mai shi, da ƙananan hotuna in takardar na da gurbinsu. In bazawara ce, a haɗa da takardar saki ko shaidar rasuwar miji, domin liman ya tabbatar idda ta cika. Mutanen Kano kuma su tuna cewa tun 2024 akwai dokar jiha da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, wanda ya haɗa da rukunin jini na sikila, da ciwon hanta, da cuta mai karya garkuwar jiki, kuma ta hana a ɗaura aure ba tare da takardar gwajin ba.

Mataki na uku: suna

Nan ne gizo ke saƙar. Mu Hausawa mutum ɗaya yana iya amsa suna uku, kuma duka nasa ne. Abubakar a gida Habu ne ko Garba. Usman Shehu ne. Fatima Binta ce, Hauwa'u kuwa Kulu. Ga sunayen rana, su Ladi da Talatu da Asabe da Ɗanjuma, ga na alkunya da ake laƙaba wa yaron da ya ci sunan kakansa, su Abba da Ummi da Baffa, har a wayi gari makwabta ba su san sunan yanka ba. Ko sunan yankan ma rubutunsa da boko bai tsaya wuri ɗaya ba: Muhammad, Muhammed, Mohammed, A'isha, Aisha, Aishatu, Aishat.

Mu mun san duk mutum ɗaya ne. Ma'aikacin ofishin jakadanci da na banki da na kamfanin fansho, haruffa kawai suke kwatantawa. Wata baiwar Allah a unguwarmu, mijinta na aiki a Saudiyya, ta zo ɗaukar takardarta don neman bizar iyali, sai ga Binta a jiki, fasfonta kuma Fatima. Abokin angon da ya cike bai taɓa jin an kira ta Fatima ba. Ta yi watanni tana safa da marwa tsakanin kotu da masallaci da gidan jarida kafin a daidaita, ga goyo a bayanta.

Saboda haka ƙa'idar ɗaya ce: a ajiye takardar NIN a gaba, a kwafi sunan harafi bayan harafi, da manyan baƙaƙe, a bisa jerin da yake a can. Kada a saka Alhaji ko Hajiya ko Malam ko Injiniya ko sarauta a cikin gurbin suna. Kada a gajarta Muhammad zuwa haruffa huɗu kamar yadda aka saba a takardun makaranta. Amarya kuma da sunan mahaifinta za a rubuta ta. Ko tana da niyyar komawa amfani da sunan miji a takardun aiki, wannan sai daga baya, kuma wannan takardar ce ma za a nema a matsayin hujjar canjin. In NIN da fasfo sun riga sun saɓa wa juna, a fara gyara su tukuna, kada takardar aure ta zo ta zama ta uku a saɓanin.

Ranar haihuwa ma daga can za a ɗauko ta. Kada a tambayi gwaggo shekarar da aka haifi amarya.

Mataki na huɗu: waliyyi, wakili, sadaki da shaidu

A al'adarmu uba bai cika bayar da auren 'yarsa da bakinsa ba, kara takan sa ya wakilta wansa ko ƙaninsa ko amininsa. Haka ango, baffansa ko kawunsa ke karɓar masa. To a rubuta wanda ya furta "na bayar" da wanda ya furta "na karɓa" a zahiri, tare da dangantakarsu da ma'auratan. In takardar ta raba gurbin waliyyi da na wakilinsa, uban ya shiga na farko, wanda ya wakilta ya shiga na biyu. Na taɓa ganin takardar da aka rubuta mahaifin amarya a matsayin wanda ya bayar, alhali ya rasu shekara biyu kafin auren. Irin wannan takardar, lauya ɗaya ya ishe ta a kotu.

Sadaki kuma a rubuta shi da lamba da kuma kalmomi, kamar yadda ake yi a cekin banki, don kada wani ya ƙara sifili ko ya rage. A rubuta abin da aka ambata a gaban shaidu kawai. Kuɗin gaisuwar iyaye da na sa rana da kayan lefe ba sa shiga wannan gurbin. A bayyana ko lakadan aka biya ko ajalan, in kuma rabi aka bayar, a faɗi nawa ya rage. In zinare ne a faɗi nauyinsa, in saniya ce ko gona ko fili a siffanta shi yadda ba za a yi musu ba. Wasu na ganin wannan tsanantawa ce a ranar farin ciki. Ni kuwa ina ganin kare haƙƙin mace ne. Sadakin da ba a gama biya ba bashi ne a kan miji, in ya rasu sai an cire shi kafin a raba gado. Ranar da aka kai ga khul'i kuma, a kan sadakin nan yawanci ake tsayar da magana, kuma alƙali takarda zai fara dubawa. Haka nan kada a kumbura adadin a rubuce don a burge dangi, domin wata rana macen ce za a ce ta mayar da abin da ba ta taɓa karɓa ba.

Shaidu aƙalla maza biyu ne, Musulmi, baligai, masu hankali, adalai, waɗanda suka ji sigar bayarwa da karɓa da kunnensu. A rubuta cikakken sunansu da adireshi da lambar waya. Shawarata a nan, ban da dattawa, a sa aƙalla mutum ɗaya mai matsakaicin shekaru kuma mazaunin garin, wanda za a iya samu bayan shekara 20. Babban baƙon da ya zo da jiniya ya tafi kafin a gama addu'a, sunansa zai ƙawata takarda, amma ba za ka same shi ranar da ake neman shaida ba.

Mataki na biyar: rana, wuri da sa hannu

A rubuta ranar da aka ɗaura, ba ranar kai amarya ko walima ba. A sa ta Hijira da ta Miladiyya, a rubuta sunan watan da kalma, domin 3/4 a wurinmu 3 ga Afrilu ne, a Amurka kuwa 4 ga Maris. Wuri kuma a cika shi: masallaci ko gida, unguwa, ƙaramar hukuma, jiha.

Da biro baƙi ko shuɗi ake cikewa, ban da fensir. Amarya ba ta zuwa wurin ɗaurin aure, shi ya sa ake yawan samun yayanta ko ƙawarta ta sa mata hannu. A daina. A kai mata takardar har ɗaki, ta karanta ko a karanta mata, ta ga sadakin da aka rubuta, ta sa hannun da take sawa a banki, ko ta dangwala yatsa. Liman shi ne na ƙarshe. Malam, kada ka sa hannu ko ka buga hatimi a takardar da ke da gurbi a buɗe, komai girman mai roƙon. Gurbin da babu abin rubutawa a ja masa layi. Sannan a shigar da lambar takardar a littafin masallaci.

In auren rajista ne ko na coci

'Yan'uwanmu Kirista a Jos da Kaduna da Wusasa da Gombe da Yola, da duk wanda ya zaɓi auren rajista da saninsa, hanyarsu tana da wa'adi, kuma wa'adin ne ke kayar da mutane. Ɗaya daga cikin ma'auratan zai cike Fom A, wato sanarwar niyyar aure, a ofishin rajistaran yankin da za a yi auren. Za a shigar da ita a littafi a manna a ƙofar ofis, domin mai ƙorafi ya fito. Sai an cika kwana 21 rajistara zai bayar da Fom C, wato takardar izinin ɗaura auren, bayan rantsuwar cewa ɗayansu ya zauna a yankin aƙalla kwana 15, babu dangantakar da ta haramta auren, babu mai aure da wani, kuma kowa ya kai shekara 21 ko yana da izinin uba a rubuce, in babu uba na uwa ko mariƙi. Dole a yi auren cikin wata 3 daga ranar sanarwa, in ya wuce sai a sake daga farko. Don haka a lissafa da baya daga ranar biki, a bar sarari.

Fasto kada ya ɗaura sai Fom C na hannunsa, ko lasisi na musamman daga minista. Cocin ma sai mai lasisin ɗaura aure, ba kowane ɗakin ibada ke da shi ba, kuma ma'aurata na da damar tambaya. A coci ana ɗaurawa daga ƙarfe 8 na safe zuwa 6 na yamma, a ofishin rajista daga 10 zuwa 4, ƙofa a buɗe, da shaidu aƙalla biyu ban da mai ɗaurawa. Takardar shaidar ita ce Fom E, ana cike ta kwafi biyu, da guntun da ke zama a jikin littafin. Tana neman rana, sunaye, ko an kai cikakkun shekaru, matsayin kowa kafin auren, sana'a, mazauni, sunan uba da sana'arsa. Kowa zai sa hannu a duka biyun. Ɗaya na ma'aurata, ɗayan kuma fasto zai aika wa rajistara cikin kwana 7. Wannan aikawar ce aka fi mantawa, saboda haka bayan mako biyu ango ya leƙa ofishin ya tabbatar ta isa. Auren da aka yi da sunan ƙarya, ko babu Fom C, ko a wurin da ba shi da lasisi, da sani da yardar ma'auratan biyu, a idon doka babu shi.

In an riga an yi kuskure

Kada a goge, kada a shafa farin ruwan nan na rufe rubutu, kada a maimaita biro a kan harafi. In a wurin aka gani kuma akwai wata takardar, a soke wannan a ɗauki sabuwa. In babu, a ja layi ɗaya siriri yadda tsohon rubutun zai karantu, a rubuta daidai a sama, mai ɗaurawa ya sa hannu da kwanan wata a gefe. Fom E kuwa da ya riga ya isa ofis, rajistara ne kaɗai ke gyara shi, da izinin babban rajistara, kuma sai an kai masa kwafin da ke hannun ma'aurata.

Wanda zai fita da takardar waje zai kai ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja a tantance ta, sannan ofishin jakadancin ƙasar da zai je, tare da fassara in ƙasar Larabawa ce ko mai amfani da Faransanci. Hatimi ake bugawa a jikinta, don haka kada a liƙe ta da leda a inji, a saka ta a jakar takardu kawai. A ɗauki hotonta gaba da baya, a yi kwafi biyu, ɗaya a hannun matar, ɗaya a gidan iyayenta.