Darasi na Huɗu: Kwantena Ba Ma'ajiya Ba Ce

Kwantena keɓaɓɓen wuri ne a cikin kwamfutarka, inda manhaja take aiki da duk kayan da take buƙata ba tare da ta cakuɗe da sauran abubuwan da ke kan na'urar ba. Docker, kayan aikin tayar da kwantenoni wanda ya fito a shekarar 2013, shi ya sa amfani da ita ya yaɗu. Daga imej, wato ƙunshin manhaja da kayan da take buƙata, ake tayar da kwantena, kamar yadda ake buga bulo da yawa da abin bugu ɗaya. Yadda za a haɗa imej ɗin kuwa, a fayil mai suna Dockerfile ake rubuta shi.

Ga abin da nake so ka riƙe da kyau: ranar da ka goge kwantena, duk abin da aka rubuta a cikinta ya tafi ke nan. A ce ka tayar da rumbun bayanai na PostgreSQL, ka wuni kana shigar da bayanan gwaji, da yamma ka goge kwantenar. Washegari in ka tayar da sabuwa, fayau za ka tarar da ita. Maganin wannan shi ne ma'ajiyar da Docker yake kira volume, wadda take zaune a wajen kwantena. Ka haɗa ta da wurin da PostgreSQL 16 yake ajiye bayanansa, wato /var/lib/postgresql/data. Daga nan ko sau nawa ka goge ka sake tayarwa, bayananka suna nan daram.

Sai dai a yi hattara. Umarnin docker compose down kwantenoni yake cirewa, ya bar ma'ajiyar. Da zarar ka ƙara masa -v, har da ita zai goge, kuma ba ya tambaya. Ka duba abin da ka rubuta kafin ka danna.

Haka ma rubutun manhajar da kake ginawa, kada ka bar shi a cikin kwantena. Ka ajiye shi a folda kan kwamfutarka, ka jingina foldar da kwantenar, duk gyaran da ka yi nan take za ta gan shi.

Wajen zaɓen imej, ka rubuta siga ƙarara, misali postgres:16. Wanda ya dogara da latest, wato siga mafi sabunta, wata rana zai wayi gari siga ta canza, aikin da yake tafiya lafiya jiya ya tsaya cak, shi kuwa bai taɓa komai ba.

Batun ƙofa (port), wato lambar da ake bi a isa ga manhajar da ke cikin kwantena, yana rikita masu koyo. A -p 8080:80, lambar hagu ta kwamfutarka ce, ta dama ta kwantena. In aka ce wani ya riga ka kama ƙofar, ta hagu za ka canza. Kalmar sirri kuwa ba ta shiga Dockerfile, domin duk wanda ya samu imej ɗin zai iya tono ta. Ka sa ta a fayil ɗin .env, ka rubuta sunansa a .dockerignore da .gitignore, fayilolin da ke hana shi shiga imej da ma'ajiyar Git.

Aikin gwaji: tayar da postgres:16 tare da ma'ajiya, ka ƙirƙiri tebur ɗaya, ka goge kwantenar, ka tayar da wata a kan ma'ajiyar. Duba ko teburin yana nan. Sannan ka maimaita ba tare da ma'ajiya ba, ka rubuta bambancin da ka gani a littafinka.