Kurakuran da muke yi wurin tura UPDATE da INSERT kai tsaye daga cikin kod

'Yan uwa masu yi wa makarantu da shaguna manhaja da PHP (harshen rubuta kod) da MySQL (rumbun adana bayanai) a nan Gombe, wallahi abin da na fi gani a kod ɗinmu shine a ɗauko abin da mutum ya rubuta a fom a manna shi cikin umarnin SQL, wato harshen da ake ba rumbun bayanai umarni da shi, haka nan. Ni ma na yi shi, wata makaranta na yi wa aikin rajistar ɗalibai, komai na tafiya lafiya har ranar da aka zo shigar da Sa'adatu da Mu'azu sai INSERT, umarnin shigar da sabon bayani, ya ƙi, ashe wannan 'yar alamar (') da ke tsakiyar sunan ce MySQL ya ɗauka ƙarshen rubutu ne. To ka duba sunayenmu nawa ne ke da ita, A'isha, Ja'afaru, Ma'aruf, kuma ƙofar da sunan ya fasa ita ce ɓarawo zai bi ya cusa nashi umarnin. Kar ka ce za ka goge alamar, sunan mutane ne. Ka yi amfani da prepare() na PDO, hanyar da PHP ke magana da rumbun bayanai, ka sa ? a gurbin kowane bayani, sannan ka miƙa su ta execute().

UPDATE (umarnin canza bayani) babu WHERE (sharaɗin da ke nuna layin da za a taɓa) kuwa, Allah ya kiyaye, umarni ɗaya zai mayar da kuɗin makarantar kowa iri ɗaya. Ni kafin in taɓa komai sai na fara gwada WHERE ɗin da SELECT, umarnin duba bayani kawai, na ga layi nawa ya fito, kuma ina kunna sql_safe_updates=1, saitin da ke hana UPDATE marar WHERE wucewa.

Sai maganar wuta. A ce ka cire kaya daga sito da UPDATE, kafin INSERT na ciniki ya shiga aka ɗauke wuta, da yamma mai shago na lissafi kaya sun ragu kuɗi babu, yaron shago ake zargi alhalin laifin kod ne. Ka haɗa su biyun tsakanin beginTransaction() da commit() don su shiga tare ko su fasa tare, in an samu matsala rollBack() ya mayar da komai yadda yake, amma fa tebur ɗin ya zama nau'in InnoDB don nau'in MyISAM bai san wannan ba.

In kuma ƙ da ɗ da ɓ suna komawa ??? to ka sa tsarin haruffa na utf8mb4 a tebur da kuma wurin haɗawa da rumbun bayanan, duka biyun, ɗaya baya isa.